Ranar da Muryata Ta Riga Ni Fita

A shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, ni ne mai duba bakin ruwa ranar kasuwar Wara. Da sassafe sai in zagaya, in ga babu baƙuwar fuska, sannan in aika saƙon murya a guruf ɗinmu na waya. Masu jiragen ƙetare ba sa tasowa sai sun ji ni. Yawancinsu ba sa karatu, murya suka sani. Ba zan ɓoye ba, abin ya ɗan fasa min kai.

Wani yammaci wani mutum ya kira ni, bakinsa kamar zuma, wai za a raba wa masu jirgi rigar ruwa kuma ni zan jagoranta. Ya ce in karanto masa lambobin da suka shigo wayata. Na karanto, har da godiya.

Washegari ina neman takalmina maƙwabcina ya leƙo.

"Yau ka yi sammako. Har ka dawo?"

"Ban hita ba tukuna."

Ya danna wayarsa. Sai ga muryata, da ɗan tarin da nake yi kafin magana: bakin ruwa lafiya lau, ku taso da yardar Allah. Tsohon saƙo ne aka sake turawa da lambata. Na duba tawa wayar, an fitar da ni daga guruf ɗin. Kuma ranar Inna za ta ƙetaro da busasshen kifinta.

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na kira mai jirgin da ke ɗauko ta, wayar ba ta shiga, don tsakiyar ruwa babu sabis. Na ruga ba takalmi, ina ƙissima mutanen da ke laɓe suna jiran jirgin da na kira musu. Duk babur ɗin da ya wuce sai in waiwaya.

A bakin ruwa na tarar da ƙanwata zaune kan wani kifaffen kwalekwale. A birni take aiki, ana ɗaukarta ta yi kutse cikin kwamfutocin ma'aikata don ta nuna musu ɓarakarsu kafin ɓarawo ya gani. Ta sha yi min gargaɗi kan 'yan damfarar waya, ina ce mata ni ba yaro ba ne.

"Yaya, ni ce. Wanda ya kira ka abokin aikina na. Sai da na duba ko'ina kahin in tura."

Na ɗaga hannu, na sauke. Na juya ina hangen ruwa.

Jirgin ya iso lafiya. Na shiga ruwa har cinya na riƙo Inna, na tambaye ta ko ba ta ji wani abu daban a saƙon ba.

"Mi zan ji? Da zazzaɓi na tashi, har na ce ba ni zuwa. Da na ji muryarka, sai na ɗauko jikokina duka biyun."