Daran Kawu Burahima da Aisami

Kawuna Burahima Ɗan Talata baduku ne a kasuwar Gure, kuma wallahi ban taɓa ganin mai ƙin a ci shi a dara kamarsa ba. Yana goye iyayensa suka taho da shi daga Damagaram. Da la'asar ta yi sai ya tattara basilla da fatu, ya share rairayin bakin rumfa, ya tona gurabu talatin da yatsa.

Abokin wasansa ɗaya ne, Aisami, wani Bamange mai sayar da kanwa. Kawu da tsinkaye, wai shi ne Damagaram. Aisami da tsakuwa, wai shi ne Muniyo, ƙasar Mangawa. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa, sai ya ce ya ci gari.

Kawu ya ce, "Yau na ƙwace Kelle!"

Aisami ya ce, "Tafi can! Gobe har Bune zan karɓe."

Shekara ashirin suna haka, tsofai biyu da ko akuya ba su mulka.

A 1994 yanar ido ta rufe wa Aisami gani. Bai daina zuwa ba. Da hannu yake lalube, Kawu na faɗa masa inda ya motsa. To, sai tausayi ya kwashi Kawu, ya fara bar masa hanya da gangan. Kwana uku Aisami na ci. Rana ta huɗu ya shafa gurabun, ya ce:

"Burahima, wannan gurbin ko ɗan koyo ba zai bar shi buɗe ba. Idona ne ya tafi, ba kaina ba."

Ya watsar da tsakuwar, ya lalubi sandarsa ya tafi.

Sati biyu bai leƙo ba. Kawu ya tona gurabu ya zauna yana kallonsu, tuwo ma sai an matsa masa. Ya ba ni tausayi ƙwarai, amma na faɗa masa: "Kawu, kai ka ja. Ka raina shi."

Ya harare ni. Washegari ya nufi zauren Aisami, na bi shi. Bayan sallama ko haƙuri bai bayar ba, ya durƙusa ya tona ƙasa, ya damƙa masa tsakuwa. Kai, ranar Kawu ya yi wa Aisami cin wulaƙanci! 'Ya'ya biyu kacal ya bar masa.

Aisami ya shafa su, ya sake shafawa. Sai dariya, har hawaye na bin gemunsa.

"Mugu! Azzalumi! Sake tonawa, ba inda za ka."