Gayyar Malam Uzairu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, Allah Ya karɓi ran aminina Malam Uzairu Mika'ilu a gidansa da ke Kunci, bayan gajeriyar jinya. Muka kai shi makwancinsa bayan sallar Azahar. Har yau in na ji babur ya tsaya a ƙofar gidana sai na ɗaga kai, don haka yake zuwa, ba waya ba sanarwa.

Uzairu, tare muka shiga kwalejin horon malamai ta yankinmu, ɗakinmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Ni ne shaidar ranar da ka haɗu da Yagana, kuma tunda ba ka nan balle ka harare ni, yau sai na faɗa. An raba mana kunyoyi a gonar makaranta. Ita kuwa 'yar 'yan kasuwa ce, mutanen Barno da suka daɗe a Ungogo, ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Aka ce a yi noma, baiwar Allah ta faɗa kunyarka ta sheme geron da ya tsiro kaf, wai ciyawa ce. Na zaci za ka tayar da jijiyar wuya. Sai ka ce, "Sannu da aiki, Malama. Gobe ki zo in nuna miki wanda ake bari." Kafin mu gama makaranta an ɗaura aure.

Da goyo Yagana ta rubuta jarrabawar fita. Kana gindin darbejiya rungume da Kamaruddeen, ɗanku na fari, yana tsala kuka, ita tana ciki tana jin muryarsa. Ta ci. Amma ƙawayenta da ba su da mai riƙe musu jariri, haka suka tattara suka koma gida ba takarda. Abin nan ya tsaya muku a rai fiye da shekara talatin, kuna ta koyarwa ƙauye-ƙauye.

Da kuka yi ritaya, ku biyu kuka je wurin shugaban kwalejin kuka roƙi fili a bayan ɗakin kwanan mata. Ɗakin reno kuke so ku gina, inda ɗalibai masu goyo za su ajiye 'ya'yansu, su fito su shayar su koma aji. Yagana ta ce ita za ta riƙa kula da shi. Na ce maka ka ba ɗan kwangila ka huta, da wannan ciwon gwiwar taka. Ka ce, "Sani, in na ba ɗan kwangila, ginin Uzairu ne, ranar da ya tsage sai a zauna jiran Uzairu. In kowa ya taka laka, na kowa ne." Taurin kanka ba ya jin magani, na rabu da kai.

Sai ka tura saƙo a zauren tsofaffin ɗalibai na waya: akwai gayya ranar Asabar a makaranta. Mu da muka daɗe a kan kujerar ofis muka ɗauka gayyata ce, irin ta rumfa da lemo da lasifika. Muka caɓa ado. Ni da shaddata mai aiki, Alhaji Abdulkabir, tsohon sakataren ilimi, har jawabi ya shirya. Muka tarar da kai wando naɗe har gwiwa a cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, Yagana a gefe tana dama kunu. Ka dube mu sama da ƙasa ka ce, "Gayya na ce, ba gayyata ba. Ga kwanduna can." Wallahi na ji haushinka a ranar. Amma da Alhaji Abdulkabir ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a reshe, babu wanda ya iya komawa mota. Ɗalibai na ta dariya, can kuma suka shigo aka yi da su. Tun daga nan kowace Asabar muna wurin, har rani ya ƙare.

Bango ya kai, an kawo katako da kwano, ka sa gayyar rufi ranar Asabar mai zuwa. Sai ka tafi ranar Talata. Ban da zafin rashinka, akwai abin da ya tsaya mini a wuya a wurin zaman makoki. Ginin ƙasa ne, ba rufi, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ruwa biyu masu ƙarfi sun isa su mayar da shi tsibi. Ga kuma ɗalibai irin su Aina'u 'yar Shanono, wadda mijinta bai yarda ta dawo karatu da jaririya ba sai da ya ji zancen ɗakin nan. Duk da haka kowa cewa yake a ɗage, wa zai yi zancen rufi ana cikin makoki?

Ranar sadakar uku Yagana ta aiko a kira ni. Daga bayan labule ta ce, "Malam Sani, takaba ta hana ni fita, amma ba ta hana ni hura wuta ba. Ka gaya musu gayya tana nan. Abinci daga nan zai zo." Na fito na isar wa jama'a da saƙonta.

Uzairu, da ka ga mutane ranar Asabar ɗin nan. Waɗanda ka koyar a firamare, waɗanda Yagana ta koyar, manoman da ke maƙwabtaka da makaranta, har da mijin Aina'u da gudumarsa. Kamaruddeen ne a ƙololuwa yana karɓar kwano. Tuwon Yagana ya iso a bayan a-daidaita-sahu, aka ci aka koma. Kafin La'asar an buga ƙusar ƙarshe. A cikin makon aka yi ruwan farko, na je na tsaya a tsakiyar ɗakin ina duba rufin kusurwa-kusurwa, ko ɗigo babu. A nan ne na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Yanzu da safe in ka bi ta bayan ɗakin kwanan mata, kukan jarirai za ka ji, iyayensu kuma suna aji. Dattijai mata biyu ne ke riƙe da wurin kafin Yagana ta fita takaba, kullum kuma sai ta aiko a tambayo mata ko akwai wanda ya kwana da zazzaɓi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Yagana, da Kamaruddeen da ƙannensa Ikilima da Ziyad, da dangi na Kunci da na Ungogo, da duk wanda ya taka laka tare da mu. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi. Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Uzairu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi. Duk yarinyar da ta gama karatunta saboda ɗakin nan, da duk yaron da za ta koyar, Ka kai masa ladan har inda yake kwance. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.