Ranar da na ce kapot ɗin nawa ne

Gadin lakwal, wato makaranta, nake yi a Dakoro, kuma iyakar kusancina da boko ke nan, bakin ƙofa. Ina yaro an sa ni aji, ban rufe shekara ba mushe, malamin ajinmu, ya shaida wa ubana cewa awaki sun fi bukatata. Bai yi ƙarya ba. Sai ga shi da tsufa ni ke riƙe da mabuɗin kolaj, duk mai ilimi sai ya jira in buɗe masa.

Jikata tana cikin ɗaliban, ɗiyar babban ɗana. A gidanmu ita ta fara kaiwa nan. Shekarar ce za ta yi birbe, jarrabawar fita kolaj, kuma ta ce malamar asibiti za ta zama, ta riƙa tsira mini allura har in rage surutu. Halina ta kwaso kaf. Ni ba na yar da abu. Gwangwanin tumatir, marfin bik na rubutu, tsinkakkiyar igiya, duk suna ƙarƙashin gadona. Ita ma jakarta haka take, kamar ta mai gyaran rediyo.

Wata safiya mutanen kiwon lafiya suka zo da mota, aka tara manyan azuzuwa gindin iccen bedi. Suka yi bayanin sida, cutar ƙanjamau, da cikin da ba a shirya ba, sannan aka bi layi aka damƙa wa kowa kororon roba, wanda yara ke kira kapot. Ƴan mata suka cusa kai cikin hijabi, samari na zungurin juna.

Da aka buga ƙarfen tashi na ga abin da ban taɓa gani ba. Wani yaro ya tsaya bakin ƙofata, ya jira aka taru, ya ja a'uziyya da ƙarfi, ya wurga nasa bayan katanga. Shi ke nan aka ɓalle. Ƴan mata na riƙe da nasu da yatsu biyu kamar mushen ɓera. Ba wanda ya yar a ɓoye, kowa sai ya sami shaida. Akwai wani dogo da na sha kora daga bayan katangar nan shi da ɗiyar mutane, nasa ya fi na kowa nisa.

"Wanga na matsorata ne," in ji shi.

Wata yarinya ta ce, "Ai duk wanda ya nuna miki shi, karuwa ya ɗauke ki."

Na share na cika bokiti, darakta ya ce in ƙona. Na ƙona raina na suya, don abin sabo ne fil cikin ledarsa.

Jikata kuwa ta jefa nata cikin jaka tsakanin kaye-kayen rubutu ta manta. Bayan ƴan kwanaki ta aje jakar bakin famfo don ta ɗora wa uwarta tulu, ƙanenta ya zazzage ta yana neman alawa. Abin ya faɗo gaban mata. Kafin la'asar labari ya shiga kasuwar dabbobi inda ubanta ke dillanci, har wani ɗan'uwa ya bugo waya daga Sabon Maci yana jaje.

Na iske ɗana a zaure da maƙwabta, abin na aje kan tabarma an yi masa da'ira kamar kunama. Ya riga ya ce ɗiyarsa ta gama lakwal. Na tuɓe takalmi, na zauna, na sa hannu na ɗauka.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ina ta nema. Nawa ne."

Sai wani maƙwabci ya fashe da dariya.

"Tsoho, da wane ƙarfin? Haƙoranka ma sun yi ritaya!"

"Ajiya na ba ta," na ce, "don tsohuwar gidana laluben aljihu gare ta."

Aka yi dariya har da mai faɗuwa. Na saki jiki na zama abin dariyar, ina fatan ta wanke zancen. Ɗana kaɗai bai motsa ba.

"Baba, don Allah," ya ce.

Sai na koma gaskiya. Na ce kowa aka bai wa, gaban idona. Na ɗaga ledar na ce su duba, ko ɓantarar ta ba a yi ba.

"To mi ya sa ɗiyan mutane suka yar, ita ta aje?"

"Don jikata ce. Ko marfin bik ba ta yarwa."

"Baba, kasuwa ba ta san marfin bik ba. Da sunana nake saida raƙumin wani. Gobe wa zai yarda da bakina, in gidana ya gagare ni?"

Na ce darakta zai zo ya ba da shaida. Ya ce wanda ya buɗe wa masu rabon ƙofa ba ya zama shaida. Sai da ya faɗa ya tuna wa ke buɗe ƙofar. Ya sunkuyar da kai, amma bai janye ba.

Ran kasuwa aka sa jikata mota zuwa Bader Goula wurin gwaggonta. Kafin motar ta tashi ta biyo ta lakwal, ta miƙo mini jakar ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Idonta a bushe.

"Tsoho, aje mini. Kai ba ka yar da abu."

Na karɓi jakar.

"Ka hwaɗa ma ƙanwata," ta ce, "in an ba ta, ta wurga. Kuma ta tabbata an gani."

Aka yi birbe ba ita. Ni kuwa na sami sabon suna, har masu amalanke na yi mini kirarin ango. Cikin waɗanda suka yi jifa ranar nan, akwai waɗanda suka daina zuwa kafin damina, hijabinsu ya kasa rufe abin da ya fito. An yi kuka, an ce ƙaddara ce, aka kuma tausaya wa iyayen. Tamu ba ta yi komai ba, amma ba wanda ya kira nata ƙaddara. Ita shiri aka ce ta yi, shi kuwa ba a yafe shi a garin nan.

Ƙanwar ta kai manyan azuzuwa bana. Motar ta dawo, aka sake taruwa gindin bedi. Tun da safe na ja yarinyar gefe na isar da saƙon yayarta, kalma da kalma, ni da nake ɗaukar ƙusa a hanya. Da aka tashi ta tsaya tsakiyar ƙofa, ta jira aka taru, ta wurga. Hannunta ba ƙarfi, ya faɗi kusa da ƙafata. Na sa tsintsiya.

Jakar tana ƙarƙashin gado tare da gwangwanaye. Gara ta fara cin kaye ɗin lissafi. Nakan fito da shi in kakkaɓe in shanya, in duba jan bik ɗin mushe a gefen shafi, ko da yake ban san me ya rubuta ba.