Itatuwa Bakwai na Odilon

Shekara talatin da huɗu Odilon Michaud ya yi yana yawo a dazukan arewacin jihar Maine da gwangwanin fenti. Aikinsa ya duba itace, in ya isa yanka ya shafa masa shuɗi, masu zarto su biyo baya. Ba ya sauri. Kamfani ya sha rubuto masa takarda a kan haka, shi kuwa yakan naɗe burodinsa da ita.

A kan wani tudu akwai dogayen itatuwa guda bakwai, irin waɗanda ake kira fayin, da bai taɓa shafa wa fenti ba. Nan yake kishingiɗa da tsakar rana, iska na ratsa rassansu kamar ruwa na zuba can nesa, har a mafarki ya riƙa ganin marigayi mahaifinsa tsaye kan gungume, kogi na tafiya da shi. Duk shekara sai ya rubuta: "Ba su isa ba tukuna." Su kuwa suna ta ƙiba.

Sai kamfani ya sallami masu zarto, ya sayo injin da ke kayar da itace, ya sassabe shi, ya daddatsa cikin minti ɗaya. Jirgin sama ya ƙirga dajin, kuma shi ba ya barcin rana. Ya ga bakwai ɗin, aka sa su cikin na yanka.

Darlene, 'yar ƙanwarsa, ita ke tuƙa injin. Odilon ya tsaya gefe, hula a hannu. Injin ya buɗe baki ya rungumi na farko, ya saki. Ya sake gwadawa, ya saki. Darlene ta leƙo.

"Kawu, me kake ba su suna ci?"

"Barci kawai muke yi."

"Bakin injin bai kai ba. Wannan ai ya fi Inna Ginette faɗi."

"Zan gaya wa matata abin da kika ce."

"Gaya mata, mu ga wa zai kwana a daji."

Manajan kamfani ya buga wa masu yanka katako waya. Suka ce tun bara suka canja zarto, ƙananan gumagumai kaɗai yake ci. Ya nemi mai kayarwa da hannu, aka ce na ƙarshe yana Florida yana kamun kifi.

A rahoton shekara aka rubuta cewa tudun ba shi da amfani. Wata na kewayowa Odilon ya yi ritaya. Hanyar da injin ya share ta kai har gindin itatuwan, saboda haka tafiyar da dā ke cin masa awa biyu a ƙafa, yanzu minti goma ce a mota.