Alhaji Sule da Tsoho a Ƙarƙashin Matakala

A duk shekarun da na yi ina tafinta a kamfanin kago, wato na jigilar kaya, a unguwar Xiaobei ta birnin Kanton, akwai wata Asabar ta watan Satumba da ba ta fita raina. Aikina shi ne in raka baƙo wurin masu kaya, in juya magana tsakaninsu, in ga kaya sun isa sito kafin motar filin jirgi ta tashi. Gargaɗin manajanmu kullum ɗaya ne: farashi da adadi, ban da hira.

Baƙona ran nan Alhaji Sule ne, dattijo mai sarin jakunkuna daga Kano. Muka je unguwar Sanyuanli, shagon wata mata, Madam Lin. Ciniki ya yi tsami, duk abin da Alhaji ya nema sai ta ce "meyo", wato babu. A gefe mahaifinta ne zaune da butar shayi, tsoho tukuf.

Kwatsam jiniya ta kaure gari. Duk shekara hukuma kan gwada jiniyar harin sama, 'yan gari sun saba.

Alhaji ya zabura. "Innalillahi! Nasiru, yaƙi ne?"

Ban kai ga amsawa ba tsohon ya miƙe, ya damƙi hannun Alhaji, ya ja shi ƙarƙashin matakalar bene. Kunya ta kama Madam Lin. Ta ce tsufa ne, in ya ji wannan ƙara sai ya koma yaro.

Alhaji bai fizge ba. Ya tattare babbar riga ya tsugunna kusa da shi har jiniyar ta yi shiru. Sannan tsohon ya fara magana da yaren Kanton, wanda ba na ji sosai. 'Yarsa ta riƙa mayar mini da Mandarin, yaren da na iya, ni kuma ina ba Alhaji da Hausa. Tsohon ya ce yana ƙarami jiragen Japan kan zo da dare, uwarsa ta hure fitila ta tura su ƙarƙashin bene. Wani dare yayansa ya fita ɗebo ruwa, bai dawo ba.

Alhaji ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Gaya wa Baba, mahaifina sojan Burma ne. Ya ce da yamma suna ganin jiragen ɓangarensu na wucewa da bama-bamai, da safe kuma ba duka ke dawowa ba. Akwai wani matuƙi da ya faɗo a daji, shi kaɗai ya rayu cikin 'yan jirginsu. Mahaifina ne ya goyo shi har sansani."

Tsohon ya tambaya, da wa suka yi yaƙin? Na ce da Japan. Ya ƙura wa Alhaji ido, sai ya fashe da dariya yana dukan kafaɗarsa. Ya ce ashe tun yana yaro baban wannan baƙo na tare masa faɗa bai sani ba!

Na raɗa wa Alhaji cewa mota za ta tashi ta bar mu.

"Ta tashi mana," in ji shi. "Jaka ba ta ruɓewa."

Tsoho ya zuba shayi da hannunsa. Alhaji ya cire hularsa ya ɗora masa, ta rufe masa har gira, shago duka aka ɗauki dariya. Madam Lin tana share hawaye ta ce rabon da ta ji muryar babanta haka har ta manta. Ta rufe shago muka tafi gidan abincin Musulmi, tsoho a gaba da hularsa. Cinikin da ya gagara da safe, a kan kwanon taliya aka gama shi.

Motar kuwa ta tafi, kaya suka ƙara kwana uku, na sha faɗan manaja. Alhaji da kansa ya je ya ce shi ya hana ni.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin shiga aikin tafinta: farashi ko na'urar lissafi ta iya fassara shi. In mutane biyu suka fara maganar iyayensu, to nan ake bukatar tafinta, kada ku duba agogo.