Layar da Ban Farke Ba

Kafin zamana a Alƙahira, na yi imani cewa mai nazarin tsibbu da camfi yana tsaye ne a wajen abin da yake nazari, kamar yadda likita yake tsaye a wajen cuta. Shekara ashirin na yi ina tattara layu da guraye da kambuna. Nakan farke su da reza, in kwafe hatimin da ke ciki, in ba kowace lamba. Na san mutane na cewa layar da aka farke ta karye; har maƙala na rubuta a kan haka, da harshen wanda abin bai shafa ba.

A shekarar 2012 na sami hutun bincike, ni da matata muka kama gida a unguwar Dokki. Babi ɗaya ya rage mini a littafin da nake rubutawa, a kan layun alhazan ƙafa, waɗanda suka yada zango a Sudan har zangon ya zame musu gida. Ba ni da irin layar ko guda. Sai aka kwatanta mini wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan a unguwar Arba wa Nus, mai haɗa turaren wuta, wadda ke riƙe da layar kakanta, wadda aka rubuta masa a Katsina ranar da zai tashi.

Sau uku ina zuwa. Kullum sai ta dafa mini gahawa mai citta, ta ɗora layar a cinyarta, fatar ta yi baƙi ƙirin don tsufa, ta yi ta ba ni labarin ciwon gwiwarta. A zuwa na huɗu na fito da buƙatata fili.

"Inna, ba ɓata ta zan yi ba. Zan farke a hankali, in kwafa, in sa a mayar da ɗinkin. Don ilimi ne."

"Tamam, ɗana. To kai ina taka?"

"Ni ba na riƙe laya, Inna. Nazarinsu nake yi."

"Ma'alish, ba komai. Ran nan da ka buɗe jaka za ka nuna mini hoton 'ya'yanka, mene ne ɗan jan abin nan da ke bayan fasfo?"

Mahaifiyata ce ta damƙa mini shi ranar da zan tafi jami'a. Shekara talatin yana bi na daga jaka zuwa jaka, kuma ban taɓa ba shi lamba ba.

"Abin tunawa ne da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta."

"Amin. Tawa ma abin tunawa ce da kakana. Farke taka a gabana, in miƙo maka tawa. Ko ilimin naka layar mutane kaɗai yake ci?"

Na ce ban zo da reza ba. Ta laluba gwangwanin turare ta ciro sabuwa. "Yalla, bismilla." Na ce hasken ɗakin bai isa ba, alhali ranar azahar tana kwance a kan tabarma. Na roƙi mako guda.

A gida na ajiye layar tawa a kan tebur, reza a gefenta. Ban yarda takarda na hana haɗari ba, har yau ma ban yarda ba. Amma in abin tunawa ne kawai, me ya sa nake lalubar ta duk sa'ad da jirgi zai tashi? Na nemi amsar da zan iya rubutawa, ban samu ba.

Matata, wadda ke buga mini jerin layun, ta wuce da faranti a hannu.

"Malam, lamba nawa zan ba wannan?"

"Ban gama shawara ba."

"Ikon Allah. Layar kawuna ko minti biyu ba ka yi ba ka farke ta. In kawo maka tabarau ne, ko in riƙe maka hannu?"

Da mako ya cika na koma Arba wa Nus na faɗa wa tsohuwar gaskiya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Khalas, shi ke nan, sha gahawarka, ɗana. Ajiye taka kusa da tawa ka ɗauke su hoto, su ma su gaisa."

Littafin ya fito, babin nan babu hatimi ko ɗaya a cikinsa, sai hoton layu biyu a ɗinke. Tun daga ranar ban sake farke layar kowa ba.