Motar Tashlih

Tun ina ƙarama nake tuƙi, sai dai da murfin tukunyar Umma. Nakan zauna a bakin gado in riƙa juya shi, ina yi wa ƙannena hon da baki, har in kai su Madina in dawo da su kafin a sauke shinkafa. A gidanmu na unguwar Hindawiyya, a Makka, ba wanda ya taɓa mallakar mota. Baba yana sayar da abaya da sallaya da carbi a wani ɗan shago a unguwar Kudai, kuma a tasi yake jigilar kayansa. Direbobin layinmu sun san shi sarai. Da sun hango shi da ƙulli a ka, sai kowa ya tuna bai yi salla ba.

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Yakan ce, "Uwata, ranar da Allah ya hore mota, Muzdalifa zan kai ki." Idan hajji ya wuce, titunan can fayau suke, babu bas babu alhazai, sai mutane su kai 'ya'yansu koyon tuƙi. Ƙawayena duk an kai su. Ni kuwa ga shekarun karɓar lasin sun matso, ban san birki da totur ba sai a hoto.

Wata rana Baba ya dawo da la'asar yana murmushi har kunne. Ya ce ya samu mota fara, mai araha, a wurin wani bakanike, sai dai ta tashlih ce. Tashlih shi ne filin da ake jibge motocin da suka mutu ana cire musu kaya. Wannan ta yi karo, kamfanin inshora ya ce gyaranta ya fi ƙarfin kuɗinta, bakaniken ya saye ta ya tashe ta da sassan 'yan uwanta na can.

Umma da girmanta ta zo Makka ta hanyar Chadi, kuma Larabcinta na cefane ne. A kunnenta tashlih da taslih abu ɗaya ne, ita kuma taslih ta sani, wato gyara.

"To, madalla," ta ce. "Tunda an gyara ta ai an hutar da kai, Malam."

Baba ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga yadda fuskarta ta washe, ya mayar da bakin kan shayi.

Kafin gari ya waye sau biyu, Umma ta sanar da rabin Hindawiyya. Ta sayi turaren mota. Ta raba kujeru: ita gaba, ƙannena baya, ni kuma sai in na daina surutu. Ni ma ban zauna ba. A raina na riga na tuƙa motar nan har Ɗa'if, na dawo da furen wardi cike da but, mata suna leƙowa ta taga suna tambayar 'yar wace ce wannan.

Maƙwabciyarmu ta sama, wadda aka haifa a nan, ita ta ɓata wasan. Ta ce, "Ya Hajiya, taslih ko tashlih? Akwai bambanci fa." Ta fassara mata dalla-dalla, har da ƙarin da ba a tambaye ta ba.

Na ji saukowar Umma daga bene kamar ana gangaro da tukunyar gas.

"Malam! Ashe gawa za ka kawo mini gida?"

"An tashe ta, Hajiya."

"Wa ka taɓa gani an tasa kafin ranar ƙiyama?"

Ta ce ƙafarta ƙafarsa, sai ta gani da idonta. Ni ma na saka abaya kafin a tuna a hana ni.

Garejin yana can bayan Kudai. Motar na tsaye a rana tana walƙiya, fara fat. Na rantse ta kalle ni. Bakaniken, wani dogo mai yawan dariya, ya tare mu da "Ahlan ya Hajji, kullu jadid, komai sabo!"

Umma ta zagaye ta a hankali kamar mai duba amarya. "Mai ita na farko yana ina?"

"Allahu a'alam, ya Hajja."

"Ka ji ko, Malam? Allahu a'alam."

Baba ya sa aka ɗaga motar sama, ya shiga ƙarƙashi ya daɗe. Ya fito yana goge hannu, ya ce akwai walda a ƙashin bayanta, amma mai kyau ce. Ya yi tambaya kan takardu da gwajin shekara, ya ji inshora ba za ta karɓe ta da cikakkiyar kariya ba. Duk ya gyaɗa kai. Na ga alamar ya saye ta tun a zuci, yana neman mai tsayar da shi ne kawai bai samu ba.

Da aka sauke ta, bakaniken ya kunna na'urar sanyi ya buɗe wa Umma ƙofar gaba. Ta shiga tana ƙunƙuni. Sanyi ya bugi fuskarta. Ƙunƙunin ya ragu, ya ragu, har ta jingina.

"To," ta ce, "gaskiya taslih ɗin ma an yi shi."

Baba ya yi dariya ya ce, "Uwata, shiga ki ji."

Na zauna a kujerar direba. Sitiyarin yana da ɗumi, ya cika mini hannu, ba kamar murfin tukunya ba. Injin na rawa a hankali ƙarƙashin ƙafata. Ta gilashi ina ganin bangon gareji ne da tsoffin tayoyi, amma ni titin Muzdalifa nake gani, Baba a gefena yana cewa a hankali, a hankali. Ban taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba a rayuwata. Umma har ta taɓa goshina.

Baba ya sunkuyo ta taga, ya ɗora tafinsa a tsakiyar sitiyarin, daidai saitin ƙirjina. Ya danna. Ya sake dannawa.

"Jakar iskar da ke fitowa in an yi karo, an mayar da ita?"

Bakaniken ya sosa ƙeya. "Murfin sabo ne, ya Hajji. Ta ciki tsada gare ta. Amma kai dattijo ne, a hankali kake tafiya, me zai same ka?"

Baba ya dubi sitiyarin, ya dube ni.

"Fito, Uwata."

"Baba, a hankali zan riƙa tafiya. Wallahi kunkuru ma sai ya wuce ni."

"Na sani."

"Zan sa ɗamara biyu. Zan ɗaura filo a ƙirji."

"Malam," Umma ta ce daga cikin sanyinta, "ba a sayo jakar a saka?"

"Wanda ya rufe wannan da murfi, me kuma ya rufe?" Ya buɗe mini ƙofar da kansa. "Da ni kaɗai ne, da yau na tafi da ita."

Na fito. Bakaniken ya bi mu har bakin titi yana rage kuɗi, Baba yana yi masa godiya ba tare da ya waiwaya ba. Ni na waiwaya har wuyana ya kusa juyewa.

Muka shiga tasi muka kama hanyar gida. Na so in yi fushi da shi, na shirya fushin wata guda cur, har da ƙin cin abinci a gabansa. Sai na ga ya juya yana kallon waje, yana bin kowace farar mota da ido har ta ɓace. Na matsa na jingina da kafaɗarsa.

"Baba, wata za ta zo?"

"In sha Allahu, Uwata."

"Kafin in tsufa?"

"Kafin ni in tsufa," ya ce. Bai yi dariya ba.